Da Sauƙi, In Ji Baba

Babana mahauci ne a babbar kasuwar Garwa, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ce wani abu ya dame shi ba. In zazzaɓi ya kayar da shi, ka same shi yana karkarwa cikin bargo a tsakiyar zafin bazara, ka ce masa ya jiki, zai ce maka da sauƙi. Ranar da sa ya take shi a kwata har aka kawo shi gida a kwance, da sauƙi ya ce. Na san duk Bahaushe haka yake amsawa, ni ma haka nake amsawa. Amma yawancinmu mukan bar 'yar ƙofa a bayan maganar, mu ce da sauƙi, sai dai kan nan, ko da sauƙi, amma abinci ya ƙi shiga. Shi Baba ko taga ba ya bari.

Ni ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kama sunana ba. Tun da na fara koyarwa a wata makarantar firamare yake ce mini Madam, yadda ɗalibaina ke faɗa, rabi tsokana rabi alfahari. Wannan kunyar da ke tsakaninmu tana da hannu a abin da ya faru, domin ba ni ce wadda zai miƙe wa ƙafa ya ce zo ki duba ba.

Ya daɗe da ciwon suga, yana shan maganinsa in ya tuna. Wata safiya a kwata tsinin ƙashi ya huda takalminsa na roba, ya shige shi a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu. Bai ma sani ba, sai da ya dawo gida zai yi alwala Inna ta ga jini a takalmin. Ciwon bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, amma ya ƙi rufewa. Da Inna ta matsa masa, sai ya fara zuwa wankin ciwo a kabinen unguwarmu.

Kabine shi ne sunan da muke kiran ƙananan asibitocin nan masu zaman kansu. A 'yan shekarun nan sun cika Garwa, kusan kowace unguwa da nata: gida mai ɗaki uku ko huɗu, allo a ƙofa, benci a zaure, da fanka mai juyawa in wuta ta ga dama. Likitan da ke da namu yana aiki a babban asibiti da rana. Sai da yamma yake leƙowa, kuma waɗanda nas ta ce a gani su yake gani. Ke nan nas ita ce idon likita, ita ce kunnensa. In ta ce ciwon wane yana warkewa, to yana warkewa, babu mai ɗaga bandeji ya sake dubawa.

Da farko mun yi dace. Wanda ke wankin ciwo a lokacin wani Bafillace ne mai furfura a gemu, haifaffen bayan kasuwa, Hausa a bakinsa kamar ni. Ya san Baba tun yana yaro ana aikensa sayen nama. Na raka Baba sau ɗaya a lokacinsa, na ga yadda suke yi. Ya ce, "Baba, ya jiki?" Baba ya ce, "Da sauƙi." Ya ce, "To madalla. Yanzu bari mu tambayi ƙafar, ita ba ta jin kunyar kowa." Baba ya yi dariya ya miƙa. A hannunsa ciwon ya fara haɗewa, har muka saki jiki.

Sai ya tafi. Wata ƙungiyar agaji mai aiki wajen Marwa da Kuseri ta ɗauke shi. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba takardar shaida kaɗai suke dubawa ba, baki suke nema: wanda ke jin Fillanci, da Hausa, da ɗan Larabcin Shuwa. Duk wanda suka samu da waɗannan, kabine ba ya iya riƙe shi. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Amma na ji haushi, kuma har gobe ina ji. Abin takaicin shi ne, jin maganarmu ne ke fitar da mutum daga garinmu. 'Ya'yan unguwa da suka yi karatun jinya, waɗanda za su gane tsohuwa in ta ce cikinta na murɗa, su ake fara kwashewa.

Waɗanda ke maye gurbinsu yara ne daga kudu. Sun gama makarantar jinya a Duwala ko Yawunde, aiki ya ƙi samuwa a can, sai su hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, su shigo mota su sauka Garwa da akwati ɗaya. Ba zama ya kawo su ba. Kabine a wurinsu kamar bencin tasha ce, suna zaune suna sauraron a kira motarsu. Wannan na jiran sakamakon jarrabawar shiga aikin gwamnati, wancan na jiran ɗan'uwansa ya yi masa hanya a wani asibiti na kudu. Akwai wadda zafin bazara ɗaya ya kore ta, ta ce ita ba za ta mutu a tanda ba. Akwai wadda aure ya ɗauke. Wani ya samu aikin gwamnati a Poli, ya yi ta ƙunƙuni wai daji ne, amma washegari ya tafi. Baba kan dawo ya ce, "Yau ma sabuwar fuska." Yana faɗa yana dariya, mu ma muna taya shi.

Ni ban san me ke faruwa da ƙafar ba. Da safe ake wankin ciwo, ni kuma da safe ina aji ina fama da 'ya'yan mutane. Mai babur ɗin unguwa ke kai shi ya dawo da shi. In na biyo gidan da yamma na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ya ƙafa?" sai ya ce, "Da sauƙi, Madam. Ya yaran naki?" Ƙafar tana naɗe cikin farin bandeji, ya lulluɓe ta da gefen riga. Me zan ce?

Inna ce ta farkar da ni, ita ma ba kai tsaye ba, don gidanmu babu mai faɗin magana kai tsaye. Ina taya ta tsintar shinkafa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Turaren wutana ya ƙare. Yanzu safe da yamma nake sa wa a ɗakin babanku." Na ce me ya sa. Ta ce, "Haka nan." Sai na ajiye faifan. Inna mace ce mai tsimi, ba ta ƙona turare haka nan.

Da aka ba mu hutu na ce zan raka shi. Ya ce ba ya bukata. Na ce ai ba don shi ba ne, kaina ke yawan sarawa, ina so a auna mini jini. Ya dube ni, ya san ƙarya nake, amma bai da yadda zai yi.

Nas ɗin da muka samu wata yarinya ce siririya mai tabarau, da fara'arta. Ba ta daɗe da zuwa ba. Tana ganin Baba ta washe baki, ta ce da irin Hausarta, "Sannu Baba! Yaya jiki?" Baba ya ce, "Da sauƙi." Ta tafa hannu ta ce, "Sawki! Wala!" wato yawwa a Faransance. Ta juyo ta ce mini da Faransanci, "Babanku jarumi ne, kullum yana samun sauƙi." Sannan ta kwance bandejin.

Ban shirya wa abin da na gani ba. Ciwon da na sani kamar ƙwayar gyaɗa ya ci ƙarƙashin yatsan duka, gefensa ya yi baƙi, yatsan kusa da shi ya kumbura. Warin kuwa, nan na gane inda turaren Inna ke tafiya. Yarinyar ta wanke da kyau, hannunta da tsabta, ba zan yi mata sharri ba. Amma na ga ba ta razana ba. Na tambaye ta da Faransanci, "Haka ciwon yake da kika zo?" Ta ce, "Kusan haka. Ban san yadda yake a da ba. Wadda na gada ta ce tsohon ciwo ne, yana warkewa a hankali."

Na ce, "Ita wa ya ce mata yana warkewa?"

Ta nuna Baba.

Sai ta bayyana mini, da zuciya ɗaya, har da ɗan alfahari. Wai duk mai tafiya takan koya wa mai zuwa 'yan kalmomi kafin ta ɗauki akwatinta, don a ji daɗin aiki da tsofaffi. Sannu. Yaya jiki. In Bafillace ya ce jam, wato lafiya, ko Bahaushe ya ce sawki, to ciwo ya yi kyau, ba sai an tare wa likita lokaci ba. Wannan ne gadon da suke bar wa juna, kamar makullin kabad.

Na tsaya na rasa wa zan fara shaƙewa. Ashe duk tsawon watannin nan babu ido ɗaya da ya ga ciwon nan tun daga farkonsa. Kowace ta zo ta same shi a wani hali, ta ɗauka haka yake, ta bar shi ya ɗan fi haka, ta tafi. Wadda ta biyo ta ita ma ta ɗauka haka yake. Mutum ɗaya ne a duniya ya san yadda ciwon ya fara da inda ya kai, kuma shi ne ke zaune a kan gadon yana cewa da sauƙi.

Na ce mata, "Ba ya warkewa. Ya ninka yadda yake. Kalmar nan ba ta nufin abin da aka gaya miki. Gaisuwa ce. Ko mutum na gargara haka zai ce."

Na manta Baba ya yi shekaru yana sayar wa matan ma'aikata nama. Faransancin kasuwa ne da shi, amma ya ishe shi gane abin da na faɗa. Sai da muka fito, ina neman mai babur, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Kin ƙaryata ni a gaban 'yar mutane."

Na ce, "Baba, ba ƙaryata ka na yi ba. Ba ta san al'adarmu ba ne."

Ya ce, "To me na faɗa da ba daidai ba? Da ina kwana ina juyi saboda zogi. Yanzu ko ta taɓa ba na ji. Ba sauƙi ba ne wannan? Allah ya rage mini, sai in buɗe baki in ce bai rage ba?"

Na ce, "Baba, kai fa mahauci ne. In aka kawo maka nama mai wannan launin, za ka ɗora a tebur?"

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ya juyo ya dube ni sosai, na sunkuyar da kai. A idonsa na ga ya sani. Mutumin da ke hango saniya daga nesa ya ce wannan hantarta ta lalace, ba zai kasa sanin ƙafarsa ba. Ya sani sarai, faɗar ce ba zai yi ba, don a wurinsa cewa babu sauƙi kai ƙarar Ubangiji ne wurin bawansa. Ya ce, "Daga yau kar ki ƙara raka ni." Ya hau babur ya bar ni a tsaye.

Na koma ciki ni kaɗai. Yarinyar mai tabarau ta zauna ta saurare ni, na ga jikinta ya yi sanyi. Ta ce rashin jin zafin nan ma shi ne mugun abin, alama ce jijiyar ta fara mutuwa. Ta ce, "Me ya sa babu wanda ya gaya mana?" Na ce wa zai gaya muku, wanda ya sani yana Kuseri. A ranar ta tsare likita da yamma. Aka canza magani, aka ƙara allurai, aka ce Baba ya daina tsayuwa a kasuwa. Ita kuma ta ɓullo da dabara: duk zuwansa sai ta ɗauki hoton ƙafar da wayarta, ta gwada da na baya. Ta daina tambayarsa yaya jiki, sai ta ce sannu kawai ta kwance bandeji. Baba ya yi fushi da ni na wani lokaci, in na gaishe shi ya amsa a taƙaice, Madam ɗin ma ya daina faɗa. Ban damu ba, tun da kumburin ya fara sauka kuma Inna ta rage turare.

Kun san abin da ya biyo baya. Sakamakon jarrabawa ya fito, ta ci, aka tura ta Yagwa. Ta kira ni tana murna tana ba ni haƙuri a lokaci ɗaya. Na yi mata fatan alheri da bakina, zuciyata kuwa kamar in kama akwatin in zauna a kai. Ta tafi da wayarta, hotunan ƙafar Baba suka bi ta Yagwa. Ta ce ta yi wa wadda za ta gaje ta bayani. Na yarda ta yi. Sai dai wadda ta gaje ta ba ta yi wata biyu ba ita ma ta wuce, kuma bayani mai tsawo ba ya jure wucewa ta hannu biyu. Abin da ke jurewa shi ne sannu, da yaya jiki, da sawki.

Na je na sami likitan da kaina. Na ce masa don Allah ya riƙe mutum ɗaya, ko da guda ɗaya ne, wanda zai san marasa lafiyarsa. Ya cire tabarau ya murza ido, na ga shi ma a gajiye yake. Ya ce, "Madam, ki kawo mini shi in riƙe. Na horar da su, sun iya aiki, sai a yi musu waya. In na ɗauki ɗan gari, kafin ya san inda auduga take ƙungiya ta ɗauke shi. In na ɗauki ɗan kudu, ƙafarsa ɗaya na tasha." Ya yi alkawarin zai riƙa duba Baba da kansa. Ya duba kuwa, sau da dama. Amma shi da yamma yake zuwa, Baba kuma da yamma yana masallaci ko yana karɓar cinikin yaran shagonsa, kuma ya koma tsayuwa a kasuwa a ɓoye, wai nama ba ya yanka kansa. Ni ga makaranta an koma, ga hanin da ya yi mini. Na yi faɗa da Inna, na yi faɗa da ƙannena, na yi faɗa da mai babur da bai san hawa ba bai san sauka ba. Duk wanda na tambaya ya ƙafar Baba, sai ya ce ai ya ce da sauƙi. Har na tsani kalmar. In ɗalibi ya dawo daga jinya na ce ya jiki ya ce da sauƙi, sai in ji kamar in ce ya buɗe baki in duba da kaina.

Wata safiyar Asabar ina wanki Inna ta kira ni a waya ta ce babanku na nemanki. Na same shi zaune a zaure, ya sa rigar fita, takalmi ɗaya a ƙafar dama, ta hagu kuwa ta ƙi shiga komai. Ya rame. Ya ce, "Madam, zo ki raka ni." Nan na san abin ya yi tsanani, don Baba bai taɓa neman rakiya ba.

A kabine muka sami wani saurayi da ban taɓa gani ba, farar rigarsa sabuwa fil, ko karin guga bai baje ba. A makon ya sauka garin. Ya taimaka wa Baba ya hau gado cikin ladabi, ya gyara tsayuwa kamar mai shirin karanta hadda, ya ce, "Sannu Baba. Yaya jiki?"

Baba ya dubi ƙafar, ya dubi bango. Ina tsaye a bakin ƙofa, na ga abin da yake ƙoƙarin yi, kuma na san nauyinsa a wurinsa. Can ya ce a hankali, muryarsa kamar ba tasa ba:

"Yaro, babu sauƙi."

Fuskar saurayin ta haskaka. Ya ji kalmar da aka koya masa. Ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Sawki! Wala, Baba, sawki!" Ya juya yana neman almakashi yana murmushi.

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, kuma na takaici ne zalla. Baba ya bi saurayin da kallo, sannan ya juyo gare ni. Wannan karon bai ce na ƙaryata shi ba. Ya ce, "Faɗa masa da yarensu."

Na faɗa masa. Ya kwance bandejin, murmushin ya ɓace, ya fita da gudu yana kiran likita a waya. Kafin azahar muna babban asibiti. Sun yi iya ƙoƙarinsu, aka ceci diddige da tsakiyar ƙafar, amma yatsun duka sun tafi.

Yanzu Baba na zuwa kasuwa da sanda, ya zauna a kujera yana nuna wa yara inda za su sa wuƙa. Na wuce kabinen kwanan baya na hango wata sabuwar fuska a zaure tana gaida wata tsohuwa, ban tsaya ba. Masu zuwa gaida Baba suna ce masa ya jiki, yana ce musu da sauƙi, ni kuma na daina gyara masa. Sau ɗaya ya faɗi ɗaya maganar a rayuwarsa, kuma wanda ya faɗa wa bai ji ba. Kullum da safe Inna kan cusa auduga a gaban takalminsa na hagu don kada ya karkace, ta ajiye masa a bakin ƙofa kusa da ɗan'uwansa.